Dunƙule Shida na Zaren Auduga

Jos,
9 ga Maris, 2003.

Zuwa ga ƙanwata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Harisu. Yaya Inna da ciwon gwiwar nan tata? Yaya Kawu Lawal da iyali, yaya 'yan makarantarki? Mu nan lafiya lau. Maigidana Malam yana gaishe ku, yana can asibitin dabbobi yana fama da shanun mutane.

Kafin ki ci gaba, in da wani kusa da ke, tashi ki shiga ɗaki.

Siddiƙa, ina da ciki, ya kusa wata huɗu. Daga Malam sai likita suka sani, ke ce ta uku, don Allah ki zama ta ƙarshe. Kin san abin da ya faru shekara biyu da suka wuce. Wancan cikin yana wata bakwai Inna ta turo Kawu Lawal da motarsa ya ɗauke ni, saboda haihuwar fari a gida ake yi. Wuni guda muka yi a hanya, kwana uku da isarmu Daura aka binne ɗan. Ban taɓa cewa laifin wani ne ba, haka Allah ya rubuta. Amma likitar da ke duba ni yanzu ta ce bakin mahaifata ba shi da ƙarfi, ko Bukur da ke nan kusa kada in je a mota, balle Daura.

Ke kin san Inna. A wurinta har yanzu ban yi haihuwar gida ba. In ta ji, cewa za ta yi sai an kawo ni, kada a ce 'yarta ta haihu a bariki kamar marar dangi. Ni kuma ta ina zan fara ce mata a'a? Ni 'yar fari ce, kunyata take ji, tun da na yi wayo ba mu taɓa zama mun yi doguwar magana ba. In Kawu ya tsaya a ƙofar gidan nan ya ce in ji Inna, wallahi na san kaina, mayafi zan ɗauka in bi shi. Malam ma ba zai iya musu da suruki ba. Shi ya sa nake so kada ta ji sai an sauka.

Ga abin da ya sa na rubuto. Zaren saƙa nake so, na auduga zalla. Haihuwar za ta faɗa tsakiyar damina, sanyin garin nan kuwa a lokacin sai wanda ya gani. Nan ulu ne ya cika ko'ina, fatar gidanmu kuma ba ta shiri da ulu, kin tuna yadda wuyanki ya yi ƙuraje da rigar sanyin da na saƙa miki. Matar da nake saye a wurinta ba ta dawo ba tun gobarar kasuwa. Ki je rumfar Malam Amadu mai zare, shi yana samun na ƙwarai ta Kongolam, bakin iyaka.

Kada ki yarda da takardar jikin dunƙulen, kada ki yarda da rantsuwa. Ki tafi da ashana. Ki tsinko kamar tsawon ɗan yatsa ki kunna masa wuta. In auduga ce zai ci ya zama toka mai laushi, ya yi ƙauri irin na takarda. In ya narke ya dunƙule baƙi kamar leda, ajiye masa abinsa. Dunƙule shida nake so, siriri.

Ki ba Mati direban motar shanu amsa, duk Litinin yana biyowa ta nan in sun taso daga kasuwar Mai'aduwa. Ina so hannuna ya sami abin yi, domin in na zauna haka nan tunani ne kawai.

Yayarki,
Firdausi.

Daura,
23 ga Maris, 2003.

Yaya Firdausi,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Gwiwar Inna tana nan da mulkinta, ranar da ta ga dama ta bar ta ta je unguwa, ranar da ba ta ga dama ba ta zaunar da ita. A gaishe mini da Malam ɗin naki, Yaya Hafizu.

Na shiga ɗaki, na karanta, na yi kuka, na yi dariya, na sake yin kuka. Allah ya raba lafiya, Yaya. Bakina kuma ki ɗauka an ɗinke shi.

Ranar kasuwa ina tashi daga makaranta na zumbula hijabi na nufi rumfar Malam Amadu. Ya zube mini iri biyar, kowanne ya ɗaga sai ya ce, "Wannan auduga ce tsantsa, Malama." Na ce to madalla, na zaro ashana. Sai ga mutum ya miƙe tsaye. "Subhanallahi! Rumfar za ki ƙona mini?" Na farko ya narke. Na biyu ya narke har ya manne mini a yatsa. Kafin na uku mutane sun taru, wani ɗan agaji ya matso ya ji ko rigima ce. Da na yi masa bayani shi ya karɓi ashanar yana kunna mini, wai shi ma matarsa saƙa take yi. Malam Amadu kuwa sai cewa yake haka aka sayar masa, shi bai taɓa dafa zare ba balle ya gasa shi.

Biyu ne suka zama toka. Ɗaya ja ne mai kauri, in kika saƙa wa jariri hula da shi sai an riƙa tallafe masa kai. Ɗayan fari ne siriri. Na ɗinke miki guntayensu a ƙasan takardar nan, ke ki zaɓa.

Yanzu gyara zama. Ina cikin ƙone-ƙonen nan ashe Talatu mai daddawa, ƙawar Inna, tana tsaye a bayana. Sai ji na yi an ce, "Auta, zaren jarirai? Kai, masha Allahu! Wata takwas da biki, ai kin yi ƙoƙari." Kafin in kai gida labari ya riga ni. Washegari sai ga Inna da kanta, da gwiwar da komai, da ƙullin tsamiya. Kin san ni ba ta kunyata. Ta duba idona, ta duba tafin hannuna, ta hana ni daka, ta hana ni jan ruwa. Ba ta tambaye ni ba, ni kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba. Dole na faɗa wa ƙanin naki Harisu gaskiya, don ya fara shigowa da tsire yana yi mini wani irin murmushi. Ya rantse ba zai faɗa ba, amma tsiren ya tsaya.

Da za ta tafi ta ce wannan karon tun ciki yana wata shida za a kawo mata mai shi gida, ba za ta jira ya tsufa ba. Ni da tsakanina da ita tafiyar minti goma ce a ƙasa! Ki bar ni da su. Muddin idonsu yana kaina, ba ya kanki.

Taki,
Siddiƙa.

Jos,
7 ga Afrilu, 2003.

Siddiƙa,

Sallama da gaisuwa ga kowa. Takardarki ta zo, ta kusa kashe ni. Ina buɗewa idona bai faɗa ko'ina ba sai can ƙasa, inda Inna ta ce tun wata shida za a kawo mata mai ciki. Ban duba sama ba. Na zauna daɓas, na ce shi ke nan ta ji. Haka Malam ya dawo ya same ni, shi ya karanta daga farko ya ce, "Ai da ƙanwarki ake." Ya yi ta dariyar tsire, ni na kasa. Ko da wa ake, maganar ɗaya ce: ra'ayinta bai canza ba, matso da wa'adin ma ta yi. Ni kuwa wata shidan nawa saura sati biyar.

Kuma wannan wasan naki ina zai kai mu? Ciki ba hijabi ba ne da za ki ara ki mayar. Nan da wata biyu za a fara duban gabanki. Ba na so ki yi wa Inna ƙarya saboda ni, kuma ba na so ki daina. Ni kaina ban san me nake roƙonki ba.

Zancen zare. Jan na jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu, kafin in juya ruwan ya koma kamar zoɓo, a bar shi. Farin shi ne. Na ɗaura shi a wuyan hannu ya wuni, bai yi mini ƙaiƙayi ba. Ki sayi shidan gaba ɗaya daga ƙunshi ɗaya, kada ki ɗauki uku yau uku wani sati. Farin ba ya zuwa iri ɗaya, sai an gama saƙa a ga riga rabi fari rabi ruwan madara. Ki murza shi tsakanin yatsu, in ya cika tauri zai yi wa fata kaushi. Kuma kowane dunƙule ki gwada shi da wuta, kada kunyar Malam Amadu ta hana ki.

Ban so in faɗa miki ba, amma ranar Alhamis na ga ɗan jini. Ya tsaya. Likita ta ce in kwanta, ko shara kada in yi. Kibiyoyin saƙata biyu suna kan akwati, ba abin da zan sa musu. Ki hanzarta.

Firdausi.

Jos,
12 ga Mayu, 2003.

Siddiƙa,

Sallama. Litinin biyar ke nan Malam yana tsayawa a bakin titi, Mati yana ɗaga masa hannu wayam. Mati ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu. To mene ne? Ba ki da lafiya ne? Ko Inna ce? Ko fushi kika yi don na ce wasa kike? In shi ne ki yafe mini.

Ko kuwa an ji, kin rasa yadda za ki gaya mini? Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in ce Kawu ne. Shekaranjiya wata fara irin ta Kawu ta yi hon a ƙofar maƙwabta, ban san lokacin da na shige bayan ƙofa ba, ni da aka ce kada in yi saurin tashi.

Ɗan cikin yana motsi yanzu, sosai. Na kasa haƙuri na sa Malam ya sayo ulu, na saƙa rabin safa, na shafa na ji kaushinta, na warware. Ko zaren bai samu ba ki rubuto. Layi ɗaya ya ishe ni.

Firdausi.

Daura,
25 ga Mayu, 2003.

Yaya,

Ki yafe mini. Lafiyata ƙalau, Inna ma haka. Ba fushi na yi ba, kunya ce ta hana ni rubutu da farko, daga baya kuma tsoro.

Da na koma rumfar farin ya ƙare, wata mai saƙa daga Zango ta kwashe. Malam Amadu ya ce in ba shi sati biyu, ni kuma na ce ba zan aiko miki takarda ba zare ba. Sati biyu ya zama huɗu. Da kayan suka zo, takardar jiki iri ɗaya, fari iri ɗaya, na kunna ashana ya narke. Har Kongolam na tura ƙanin naki a babur da ashana a aljihu, ya dawo da abin da ko buhu ba zan ɗinke da shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Yaya, na yi ɓarna.

Ranar Sallar Gani na je gida taya Inna girki. Aka kira azahar, ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma, ta matsa gefe ta bar mini wuri kamar kullum. Ni kuma hankalina yana kan miya, bakina ya riga ni, na ce, "Yi taki Inna, ni ina fashin salla." Wallahi sai da maganar ta fita na ji ta. Mai ciki da fashin salla!

Ta idar, ta shafa addu'a, ta ce, "Ɓari kika yi ba ki faɗa ba?" Ga hanya ta buɗe mini, amma na kasa. Wannan kalmar ba zan amsa ta ba kina cikin wannan hali. Na ce a'a. Ta ce, "Da ma babu?" Na ce babu. Sai ta ce, "To zaren jariran na wane ne?" Na kama juya miya. Kin san ba za ta buɗe baki ta tambayi labarinki ba. Ta dai ce, "Wata nawa?" Na ce shida. Ta tashi ta shiga ɗaki, ranar ko tuwon ba ta ci ba.

Bayan kwana uku ta aika aka kira Kawu Lawal. Sun fi awa ɗaya a ɗaki, da na matso sai aka aike ni in ɗebo ruwan da ba wanda ya sha. Ban san me suka yanke ba. Abin da na sani, jiya na ga motarsa a wurin bakanike ana sa mata sababbin tayoyi. Na sami Kawu na faɗa masa komai, maganar likita, da jinin, har zaren da kika ce a nemo. Ya ce, "Siddiƙa, abin da yayata ta sa ni shi zan yi." Na koma wurin Inna zan yi magana, ta ce in duba mata ko akuya ta shiga ɗakin girki.

Ki ce da Yaya Hafizu ya karɓo takarda mai hatimi wurin likita ya riƙe. In Kawu ya zo ki kwanta, ko gaishe shi kada ki tashi, ki ce an hana ki. Na san ba za ki iya ba, amma ki gwada. Ni na jawo, da bakina.

Siddiƙa.

Jos,
16 ga Yuni, 2003.

Siddiƙa,

Kawu ya zo ranar Asabar, ya tafi ranar Lahadi, ga ni nan a Jos. Na fara da wannan don na san ba za ki iya karanta gaisuwa ba sai kin ji. To yanzu ina gaishe ki, kuma ki daina cewa ke kika jawo.

Sati uku muka yi muna jira. Takardar likita tana aljihun Malam har ta yi laushi. Duk abin da kika ce in yi ban yi ko ɗaya ba. Ina jin sallamarsa na gan ni durƙushe a gabansa da mayafi a kafaɗa. Jaka ma na riga na haɗa tuntuni, na ɓoye a ƙarƙashin gado kada Malam ya gani. Kawu ya ce, "Tashi, tashi, koma ki kwanta." Ya ci abinci, ya yi salla, suka yi ta hirar shanu. Ni ina ɗaki ina jiran a ce in fito. Malam ya ce sau biyu yana zaro takardar yana mayarwa.

Da safe ya fito da ƙwarya daga mota, an ɗaure bakinta da tsohon zane, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya ce, "Mutanen gida suna gaishe ki." Ya tsaya ya dube ni sosai, ya ce Allah ya raba lafiya, ya shiga mota. Ko kalma ɗaya bai ce a kan tafiya ba.

Zare ne a ciki, dunƙule shida. Ba na kanti ba ne, kaɗin hannu ne na mazari, siriri, ba gargada ba ƙulli. Na kunna masa ashana don sabo, ya ci ya bar toka, na hura ta tashi. Shi kaɗai ba zai jure kibiya ba, sai na haɗa biyu na murza, na dafa shi ya saki. Tun da nake saƙa ban taɓa riƙe mai laushinsa ba. Na gama hula, na fara riga.

A ina aka samo? Wace tsohuwa ce ta rage a ƙasar Daura mai wannan hannun? Inna dai ta ajiye mazari tun muna firamare. Kuma me zuwan nan yake nufi? Duba ni aka turo shi ya yi, a ga ko zan iya tafiya, sa'an nan ya dawo? Ko fushi ta yi ta ce a bar ni da barikina tunda na ɓoye mata? Da faɗa ya yi mini da na fi samun natsuwa. Jakar tana nan ban kwance ba.

Firdausi.

Jos,
28 ga Yuli, 2003.

Siddiƙa,

Daga gadon asibiti nake rubutu, ki yi haƙuri da karkatar layin. Na san saƙon Malam ya iso muku: na sauka ranar Talata, namiji, saura wata guda lissafi ya cika. Abin da bai faɗa muku ba shi ne ƙanƙantarsa. Bai kai kilo biyu ba. Yana cikin kwalba, sai lokaci-lokaci ake miƙo mini shi. Gobe za a raɗa suna a masallaci, Jibril, mai sunan kuwa ko ƙofa ba zai leƙa ba.

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, ɗakin ya yi sanyi kamar cikin randa. Nas ta ce irinsu ta kai ɗumin jikinsu yake fita, kada a bar shi ba hula. Wadda na saƙa ta rufe masa har hanci. Na sa Malam ya kawo kibiyoyi, na saƙa wata a kan gadon nan, a jikin lemo na gwada ta. Ita ce a kansa yanzu, kuma fatarsa ba ta yi ja ba. Jiya ya kama nono kaɗan ya saki. Likita ta ce in ya riƙe ɗumi ya ci gaba da kamawa, akwai sa rai.

Zaren saura dunƙule ɗaya. Riga da shawul sun cinye, kuma rigar ta yi masa yawa, sai na sake ƙanana. Kin ce ba ki san inda aka samo ba. Ki matsa wa Kawu, a nemo matar ko a ina take.

Sai abin da ya fi damuna. Inna ta ce wani abu? Na ɓoye mata, na haihu a bariki, na sa autarta ta yi mata ƙarya. Kawu bai dawo ba, saƙo daga gare ta bai zo ba. In na tuna sai in ji nonon ya ɗauke, nas tana ta yi mini faɗa in daina tunani. Ki gaya mini gaskiya ko mai ɗaci ce.

Firdausi.

Daura,
3 ga Agusta, 2003.

Maman Jibril,

Barka da arziki, barka. Allah ya raya mana shi, ya ƙara masa ƙarfi. Ranar da saƙo ya zo na yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Talatu mai daddawa ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita fa an ruɗa ta.

Asabar mai zuwa muna tafe ni da matar Kawu, ita za ta zauna ta yi miki wankan jego a can. Inna ce ta tsara haka, kanwa da yaji da gero har an ɗaure. Wannan ya isa amsa, amma na san ki, sai an warware miki.

Na tsare Kawu a zaure na ce ba zai fita ba sai ya faɗa. Ya ce ranar da ta kira shi, shi da kansa ya ce zai je ya ɗauko ki, zai tuƙa a hankali. Ta ce a'a. Ta ce masa, "Wancan karon ni na ce a ɗauko ta, kuma ni na wanke ɗan da hannuna. Ba zan wanke na biyu ba." Ta ce ya je ya dubo fuskarki ya zo ya gaya mata. Mutane sun yi magana, har gida aka biyo ta, wai 'yar fari a bariki? Ta ce da su ita ta hana.

Zare kuwa, ba wata tsohuwa a ƙauye. Nata ne. Ashe tun rasuwar Baba ta koma kaɗi. Kowace kaka sai ta sayi 'yar auduga, ta gurza, ta shiɓe, ta kaɗa a ɗaki in ba kowa. Shekara bakwai tana tarawa. Na likkafaninta ne, Yaya. Niyyarta in ya cika ta kai wa masaƙi a Zango, don ba ta so a naɗe ta da yadin kanti. Saura kaɗan ya cika ta ɗebi shida ta ba Kawu.

Jiya na je da takardarki. Kin san ba za ta zauna a karanta mata ba, sai na zauna a tsakar gida na karanta wa matar Kawu da ƙarfi. Inna ta ba mu baya, wai tana tsince wake. Da na zo wurin lemo hannunta ya tsaya. Da na zo inda kika ce nono yana ɗaukewa, ta ture farantin ta shiga ɗaki. Ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado ta juye a zane gaba ɗaya, dunƙule goma sha huɗu. Ta ɗaure ta ajiye a gabana.

Na ce, "Inna, ke fa?"

Ta ce, "Ni in an sa ni a rami ba sanyi zan ji ba. Ki ce da uwar yaron ta ci abinci, ta bar tunani, ta saƙa masa daidai jikinsa."

Ban jira Asabar ba, na ba Mati yau. Kada ki ce za ki mayar. Ni na gwada rage biyu in ɓoye mata, ta ɗaga mini muciya.

Ki saƙa, Yaya.

Ƙanwarki,
Siddiƙa.